Ulun Da Na Je Nema Damagaram

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Duk ranar Alhamis da muka baje tabarma da tsinkayen saƙarmu, tambayar ɗaya ce: da gaske ulu ya fi araha a Damagaram? Wace mota ake shiga? Har wadda ba ta taɓa wuce Zango ba ta ce in kwatanta mata hanya. Na yi ta ce muku sai an zauna, alhali a zaune muke. To ga shi na rubuta, tunda bakina ya kasa. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran, amma ba a gabana ba.

Bari in fara da abin da ban taɓa faɗa a kan tabarmar nan ba. Kuna lissafa mini 'ya'ya biyar, amma tsofaffin cikinku sun san shida ne. Ranar da aka yaye ta farin, Yaya Tabawa, yayar marigayi maigidana, ta zo daga Damagaram inda take aure, ta goya ta, ta tafi da ita. Haka ake yi a gidanmu. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi sai uwar ta kau da kai wani ya ɗaga ta. In magana ta kama dole, sai in ce "yarinyar nan ta wajen Yaya Tabawa." Ita kuma Yaya take ce mini. Takan zo Daura biki ko ta'aziyya, mu gaisa kamar maƙwabta. Shekara arba'in da ɗaya muna haka. Babu jaririn da aka haifa a layinmu da ban saƙa masa hula da safa ba, amma ita ko zare ɗaya nawa bai taɓa hawa jikinta ba.

Tsakiyar bazara Yaya Tabawa ta kira ni a waya. Bayan mun gama gaisuwa ta ce, "Ɗiyata ba ta jin daɗi. Likita ya ce ƙoda ce. Mun ɗauko ta daga gidan mijinta, tana wurina. Duk zafin nan da ake yi, ita sanyi take ji."

Na ce Allah ya ba ta lafiya, kamar labarin 'yar wani aka ba ni. Na ajiye wayar, na zauna a ƙofar kicin har tuwon da ke kan wuta ya kama.

Ina son zuwa, amma ba ni da bakin cewa zan je. Ni ce fa mai zagin matan yanzu da ke rungume 'ya'yan fari a tsakiyar taro. Sai na nemi dalili, na kuwa same shi a shagon Maman Ngozi. Duk kun san ta, matar mai sayar da kayan gyaran babur, wadda ta koya wa rabinmu saƙa. Ta daɗe tana cewa gwanjon rigunan sanyi ta Nijar yake biyowa, kuma da bazara ba mai kallonsu, sai a sayo a banza a warware, a sami ulun da ya fi na shago kyau.

Na ce mata, "Maman Ngozi, ina maganar ulun Damagaram ɗin nan?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Hajiya Binta, shekara uku ina roƙonki mu je, kina cewa ƙafa. Yau ƙafar ta warke?"

"Ta yi sauƙi."

"Wa ba shi da lafiya?"

Na ce babu kowa. Ta ci gaba da jera kayanta, ta ce mu haɗu a tasha ranar Talata.

Ƙaramar mota muka shiga, mu huɗu a baya. A Baure direba ya tsaya aka cusa akuya a but ɗin motar, kanta na leƙowa ta bayan kafaɗata. Ni ba na iya zaman mota hannu sake, don haka na ɗauko wata 'yar hula da nake saƙawa. Muna cikin tafiya na ji zaren ya yi tauri. Da na waiwaya, ashe curin ya gangara baya, akuyar ta kama bakinsa tana tauna a natse. Mai akuyar ya yi ta ba ni haƙuri, Maman Ngozi kuwa ta ce in bar ta, ita ma ta ji labarin araha ne. Na yi dariya a ranar, ina jin ita ce ta ƙarshe da na yi har cikina.

A Babban Mutum muka sauya mota. Ta ɓangarenmu na iyaka aka duba katinmu aka ce mu wuce. Ta can kuwa wani jandarma mai fara'a ya buɗe jakata, ya zaro tsinkayen saƙa na ƙarfe guda biyu, ya ɗaga su sama.

"Iya, wannan fa? Yaƙi za a je?"

Na ce saƙa ake yi da su. Bai gamsu ba sai da na tsaya a tsakiyar rana na saƙa masa layi guda da ragowar zaren akuya. Sannan ya tambayi abin da zai kai mu Damagaram. Da na ce sayen ulu, sai ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji.

"Mutanenmu na kwasar sefa su tafi Kano sayayya, ke kin ɗauko naira kin zo nan neman araha? Iya, Allah ya ba da sa'a."

Gaskiyarsa ce. Da mai canji ya karɓi kuɗina cike da hannu ya miƙo mini 'yan takardu, sai da na dubi ƙasa ko wasu sun faɗi.

Daf da Magarya motar ta fara hayaƙi. Aka tura ta zuwa cikin gari, makanike ya shiga ƙarƙashinta bai fito ba sai magariba, direba ya ce sai da safe. Wata mata da muka zauna tare, Zinaru mai sayar da tabarmi, ta ce baƙi ba za su kwana a tasha ba tana garin. Gidanta ɗaki biyu ne da rumfa. Ta ba mu fura mai kauri da kwaɗon zogale, da irin burodinsu dogo kamar sanda, wanda sai mai haƙora. Hausarsu tamu ce, sai dai an yayyafa mata Faransanci. Makaranta lakwal suke ce mata, asibiti kuma likita, wato da ginin da mutumin duk suna ɗaya.

Muna cin abinci Zinaru ta tambaya ko muna da dangi a Damagaram. Kafin in buɗe baki Maman Ngozi ta ce, "Tana da 'ya a can." Na mintsine ta a cinya. Zinaru ta ga hannuna, ta yi ɗan murmushi.

"Ta fari ce ke nan," in ji ta. "Mu ma nan haka ne. Uwata har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba."

Na tambaye ta ko abin ya dame ta. Ta juya ludayi a ƙwarya, sannan ta ce da tana yarinya bai dame ta ba.

Da hantsi muka shiga Damagaram. Daga tasha zuwa gidan Yaya Tabawa ba nisa, ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓarsu, zai kai mutum kafin ya gama gyara zama. Amma na ce kasuwa tukuna. Na ce wa kaina ai ulu na ce na zo saye, in na shiga gidan babu ulu ƙaryata ta fito. Rabin yini na zubar a kasuwar nan, kuma har yau ina jin zafinsa.

Tunda hanyar saye kuke son ji, ga ta. Can ƙarshen layin 'yan gwanjo muka sami wani dattijo zaune a kan tulin rigunan sanyi, gumi na zuba daga gemunsa. Da muka ce su muke so, sai ya dubi rana ya dube mu. Abu na farko, ki juya rigar ki duba haɗin gefenta. In an yanka ne aka bi da keke, ki ajiye, guntu-guntu za ta warware miki. In haɗin kamar sarƙa yake, wannan zare ɗaya ne daga wuya har ƙugu. Na biyu, ki tsinko ɗan zare ki ƙyasta masa ashana. Na roba narkewa yake kamar leda, na gashin tunkiya kuwa ƙaurin babbakar kan rago yake yi, ya zama toka. Da Maman Ngozi ta ƙyasta ashanar farko, dattijon ya diro daga kan tulin ya kama bokitin ruwa. Sai da muka yi masa bayani ya zauna, daga baya ma shi ke miƙo mana yana shinshinawa.

Maman Ngozi ta cika buhu. Ni guda ɗaya nake nema, mai laushi, mai ɗumi, babba yadda zarenta zai isa rigar mace. Na sami biyu, ɗaya ruwan toka, ɗaya ruwan goro. Na tsaya riƙe da su, dama da hagu, ina son in zaɓi wadda za ta fi so. A nan na gane ban san launin da take so ba. Na san na sauran biyar, na san na matan 'ya'yana, har na Maman Ngozi na sani. Dattijon ya ɗauka kuɗin ne ya yi mini yawa, ya yi ta ragewa. Na sayi duka biyun.

Gidan yana cikin Birni, ta wasu lunguna da mutum biyu ba sa jerawa. Yaya Tabawa ta tsufa, sai da sanda. Ta tare mu da murna, ta dubi buhun da aka sauke.

"Ashe ulu ya kawo ku. To madalla da ulu."

Yarinyar kuma tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, a cikin ranar da ko kaza ta gudu inuwa, lulluɓe da bargo. Ƙafafunta sun kumbura, fuskar kuwa ta zabge.

"Yaya, sannu da hanya."

"Yauwa. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Bango nake kallo muka yi gaisuwar nan. Da aka kawo ruwa na sha na ƙware, kowa ya ce gajiyar hanya ce.

Washegari da safe na fito da rigunan biyu na shimfiɗa a tabarma kamar mai shanya. Yarinyar ta miƙa hannu ta shafa mai ruwan goron, ta ce wannan ta yi kyau. Na ɗauki reza na farke haɗinta, na fara warwara. Kun san zaren da aka warware a murɗe yake fitowa kamar taliyar yara, sai an naɗe shi dogon naɗi an wanke an rataye kafin ya miƙe. A gida ƙafafun kujera nake kifewa in naɗa a kai. Na duba gidan, babu sai 'yar kujerar tsugunno.

"Kawo in riƙe miki, Yaya," in ji ta. Ta fito da hannuwanta biyu daga cikin bargo ta miƙe su.

Mai naɗi ba ta da zaɓi, dole ta zauna daf da mai riƙo, gwiwa na taɓa gwiwa, fuska na kallon fuska. Na fara kai zare hannun dama in dawo da shi na hagu. Da farko hannuwan kawai nake kallo. Yatsun irin nawa ne sak, har ɗan karkacewar ƙaramin. Daga nan idona ya hau sama. Tana da tabo a girarta ta hagu, ya raba gashin biyu.

Na ji bakina ya ce, "Wannan tabon fa?"

"Ai ya daɗe. Ina shekara bakwai na faɗo daga kan dutsen bayan gidan nan."

Tabo ya yi shekara talatin da wani abu a fuskar da na haifa, sai ranar na gan shi.

Ba a jima ba hannuwan suka gaji. Ta ce in yi haƙuri, ta sauke su a kan gwiwoyina da zaren a jiki, muka ci gaba a haka. Sanyi ƙalau suke. Na yi kamar ina gyara zaren da ya zame, na auna hannunta da taƙi, daga babban yatsana zuwa na tsakiya, tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Na yi kamar ina gyara mata bargo, na auna faɗin bayanta. Na riƙe a kaina, ina jin daɗi na yi dabara.

Sai ta ce, "Yaya, wa za a saƙa wa wannan?"

Yaya Tabawa na gefe tana tsintar shinkafa. Maman Ngozi ta daina abin da take yi ta zuba mini ido. Amsar tana bakina, kalma biyu ce. Na ce, "Wata ce a Daura ta ce in yi mata."

"Ta yi sa'a," in ji ta. "Yana da laushi."

Maman Ngozi ta tashi ta fita zaure.

Ranar da za mu tafi Maman Ngozi ta ja ni gefe. Shekara talatin muna tare ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Hajiya Binta, ki zauna. Na ga hanya, zan koma ni kaɗai. Ki saƙa rigar nan a gabanta."

"In ce me ya zaunar da ni a gidan surukai?"

"Ki ce 'yarki ce ba lafiya. Ni fa da sunan ta farina duk Daura ke kirana. In an ce Maman Ngozi sai in ji na ƙara tsawo. Ke ko sau ɗaya ba za ki iya ba?"

Na ce mata kowa da al'adarsa. Ita ma Yaya Tabawa sai da ta ce in ƙara kwana biyu mana, na ce na bar aiki a gida. Na riga na tsara abina: mako biyu in gama rigar, in dawo in ce ulun ne ya ƙare, in ajiye ta a kan tabarmar in ce mai ita ta fasa. Da muka zo fita yarinyar ta sa aka ƙullo mini alkaki a leda.

"Yaya, a gaida gida."

"Za su ji. Allah ya ƙara sauƙi."

Iyakar abin da na ce mata ke nan.

Sauran kun gani da idonku. Na wanke zaren, na rataye shi a igiya da dutse a ƙasa, na cure shi, na ɗora shi a tsinke. Alhamis biyu kuna tsokanata wai na kama kwangilar gwamnati, ko gaisuwa ba na amsawa sai na kai ƙarshen layi. Na gama baya, na gama gaba, na gama hannu ɗaya. Ina kan ɗora na biyun, da hantsi, wayar ta yi ƙara.

Yaya Tabawa ta ce, "Binta, sai haƙuri. Ɗiyarki ta cika."

Shekara arba'in tana cewa ɗiyata. Ranar ta mayar mini da ita.

Na sake bin hanyar nan, ni kaɗai, na san kuma ba zan tarar da jana'iza ba. A iyaka jandarman nan ne dai. Ya gane ni, ya washe baki.

"Iya mai tsinke, har ulun ya ƙare?"

Na ce, "'Yata ce ta rasu."

Ya cire hularsa, ya yi mini ta'aziyya, ya riƙe mini jaka har mota. Shi ne mutum na farko a duniya da na ce wa 'yata, mutumin da ko sunansa ban sani ba.

A gidan, masu gaisuwa wajen Yaya Tabawa suke nufa, kamar yadda ya dace, ni ina gefe cikin baƙi. Sai bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, ta kira ni ɗakinta ta ce akwai saƙona.

"Ranar da kuka tafi ta ce mini, 'Inna, kin ga Yaya tana auna ni wai ban sani ba?' Ta yi ta dariya har tari ya kama ta. Kullum sai ta tambaye ni ko kin kusa gamawa. Ta ce in kin kira in gaya miki kada ki yi hannun da tsawo, ba ta son yana shiga miya. Na yi ta jira ki kira, ba ki kira ba. Ni kuma na ji nauyin in kira ki a kan wannan."

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka goya ta aka fita da ita daga ɗakina. Yaya Tabawa ba ta hana ni ba.

To ga amsar tambayarku. Ulu yana da araha a Damagaram, in kun je da bazara, kun duba haɗi, kun tafi da ashana. Amma in akwai wanda kuke son gani a garin, ku fara sauka a gidansa, kasuwa ba inda za ta.

Rigar ruwan goron da kuke gani a kwandona, wadda kuka yi ta tambaya ta wace ce ina cewa ta wata ce, na warware hannun da na gama na rage masa rabin taƙi, na yi ɗayan daidai da shi. Ba zai shiga miya ba. Ta 'yata ce, ta fari. Ranar Alhamis in kun zo, ku yi mini gaisuwa ni ma, ku sa ta a addu'a da sunanta. Sunanta Sa'adatu.